Agogon da ke Ƙirjina

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran agogo
a bakin kasuwar Garwa, jikin rumfar masu kilishi.
Na san abin da maganaɗisu ke yi wa siririn ƙarfe:
wani direba ya taɓa kwantar da nasa kan lasifika,
ana kiran azahar, agogon na cewa la'asar.

Yanzu ni ma an dasa mini nawa,
ƙasan ƙashin wuya, ta hagu,
bai kai kwalin ashana ba.
Waya biyu sun sauka cikin zuciya
kamar guga biyu a rijiya ɗaya.
Ba na jin motsinsa. Shi ke sauraron nawa.

Da ƙafar dama ta soma mutuwa
aka ce sai hoton gadon baya,
cikin farin kogon nan
da Ladidi ta ce ko kujerar ƙarfe fizga yake.
Na ce, 'yata, maƙeri kike ba labarin wuta.

Madam Fanta mai kula da injin ba ta yi dariya ba.
"Baba Shekarau, ina katin?"
Katin Yawunde, rubutun Faransanci,
yana gafaka tare da rasit ɗin haya.
Ladidi ta hau babur, ta dawo da gumi.

Ta karanta lamba, ta buga waya, ta sake karantawa.
"Ba batirin kaɗai ba, wayoyin ma sai sun dace.
An bar tsohuwar waya a ciki?"
Babu.
"To, Alhamis, in likitan zuciya ya zo."
Raina ya ɓaci har bakin ƙofa.
Sai na tuna sau nawa na ce wa mai gaggawa:
dawo jibi, ba a buɗe agogo a tsaye.

Alhamis Dokta Ngasa ya ɗora wani faifai a ƙirjina,
ya taɓa kwamfuta.
"Na sa shi ya yi kunnen uwar shegu,
tamanin a minti, kome aka buga masa."
Aka karɓe zobe, makulli, ɗan sukundireba
da na manta a aljihun gaba.
Aka maƙala mini wani abu a yatsa.

A ciki, kamar maƙeran unguwa duka
sun taru a kaina da guduma.
Ta bayan gilashi idanu huɗu na kan layi mai tsalle.
Na rufe nawa, ina ƙirga,
aikin da na iya ke nan.
Tamanin.
Tamanin.
Bai yi gaba ba, bai ja baya ba.

Da aka fito da ni, ya mayar masa da kunnensa,
ya auna, ya rubuta, ya miƙo hannu.
Na riƙe hannun, na juya shi.
Dokta, naka ya makara da minti huɗu.
Kawo shi rumfa. Amma ba yau za ka karɓa ba.