Gidan Zanzaro

Kwana casa'in yana jingine a rumfa,
tun ranar da muka raka Babikir makwanci.
Yau na ce a fito da shi.
Kuɓewa ta ƙosa a bakin Nilu,
kasuwar Sinnar ba ta jiran mai makoki.

Na share sirdi da gefen riga.
Ɗan babur ne ja, mai tsagaggen madubi,
wayar birki ɗaure da zaren buhu.
Ɗaurin hannun yayana ne, na san shi,
ƙulli biyu, sannan ya ciza.

Na murɗa makulli, na taka.
Shiru.
Na sake takawa. Tari guda,
irin na tsohon da baƙi suka tasa,
ya juya ya koma barci.

Masu gyara sun ce ran inji uku ne:
mai, wuta, iska.
Na buɗe tanki na sunsuna,
man ya tsufa, yana warin fenti.
Na tsiyaye shi a gwangwanin tumatir,
na zuba sabo, kwalba ɗaya
da ta ci mini kuɗin kaji biyu.
Na taka. Ko gezau.

Sai wuta.
Fulogi ya fito baƙi ƙirin
kamar gindin tukunyar gahawa.
Na kankare, na hura, na kara shi jikin ƙarfe,
na ce, Tahani, kare min rana da mayafinki.
Na taka, ga ta, shuɗiya, 'yar mitsitsiya.
Wuta tana da rai. To ina cutar?

Hamidan mai amalanke ya leƙo ta kan danga:
"Sayar ka sayi jaki,
jaki ba ya da fulogi."
Ban tanka ba.
Duk Mai Wurno makanikai ne
in dai babur ɗin ba nasu ba ne.

Na zazzage kafireta a farantin shayi,
ina ƙirga kusoshi kamar carbi.
Wata kafa kamar idon allura,
na zura silin waya, na ga haske ta ciki.
Na mayar. Kusa ɗaya ta ɓuya a yashi,
na nemo ta da rarrafe.
Na taka har ƙwaurina ya fashe.

Rana ta take tsaka.
Na zage shi, zagi mai nauyi,
sai na tuna mai shi,
na dafa tanki na ce, yafe min.

Tahani ba ta cika magana ba tun rasuwar.
Shekara bakwai, idon ubanta sak.
Tana tsugune ta baya, kanta a karkace.
"Baffa," ta ce,
"akwai masu gida a nan."

Na duƙa.
Bakin salansa a toshe da jar laka,
ginin zanzaro, ɗaki bisa ɗaki,
an yaɓe, an shafe, ba ko tsaga.
Wuni guda ina bin abin da ke shiga,
ban tambayi abin da ya kasa fita ba.

Da tsinken tsire muka rushe garin.
Laka ta zubo, da busassun tsutsotsi,
guzurin da uwa ta tara wa 'ya'yanta.
Tahani ta kwashe a tafin hannu
ta kai gindin dalbejiya ta ajiye.

Na taka.

Hayaƙi ya turnuƙe rumfa, kaji suka watse.
Sai wannan muryar, tat-tat-tat, mai ɗan ɗingishi,
muryar da ke shigo mana da magariba
da burodi rataye a ƙaho.

Can cikin gida, hannun da ke shafa kisra ya tsaya.
Na ji ƙauri.
Na ji kukan da aka riƙe kwana casa'in
ya sami ƙofa.

Ban kashe ba, ban hau ba.
Na bar shi yana shan man kaji biyu.
Kuɓewa ta jira gobe.