Mai Injin Niƙa na Bagega

Ni ne Lawali, mai injin bakin kasuwa.
Gero nake niƙawa, da dawa, da masara,
har shekarar da dutse ya fi hatsi tsada
na buɗe masa bakin injina.

Da safe gero, da hantsi dutsen zinariya,
da la'asar gero kuma.
Ban wanke ba. Wa ya taɓa wanke inji?
Gari fari, ƙura fara,
mata na tankaɗe a tsakar gida,
yara na rarrafe, hannu na zuwa baka.

Damina ba ta raba tsakiya ba Muntari ya fara shiɗewa.
Munka ce iska ce, munka turara,
munka ba shi rubutu, ya sha, ya amayar.
Shekara biyu da wata huɗu.
Ramin da munka haƙa masa
bai kai zurfin wanda muke neman arziki a ciki ba.

Takarda ta zo daga Gusau: an hana haƙa.
Takarda ba ta san kuɗin buhun taki ba.
Da rana munka bari, da dare munka koma,
dutsen da ake niƙawa a fili
ya shige ɗaki, ƙarƙashin gado.
Doka ta kori ƙura daga kasuwa
ta raka ta har shimfiɗar jarirai.

Sai ga Shafa'atu, ɗiyar Malam Tukur na Anka,
da wata na'ura mai kama da tocila.
Ta durƙusa, ta ɗora bakinta a ƙasa,
ƙasa ta amsa da lamba.
Ta ce: dalma ce.
Na ce: ƙasar da ubana ya yi salla a kanta?
Ta auna zaure, ta auna gindin turmi,
ta auna bakin randa,
ta auna gindin ɗorawar da Muntari ke wasa.
Nan ta juya fuskar na'urar, ta kife ta a cinya.
Ban iya karatun boko ba,
amma na karanta shirunta.

Kwana tara ana kankare gidana da shebur,
tsawon ɗan yatsa, ɗaki bayan ɗaki.
Anka ɗure ƙasar a buhuna,
anka binne bayan gari cikin rami mai shimfiɗar leda,
anka kawo sabuwa, ja, daga tudu.
Inna ta zauna bakin ƙofa tana kuka,
wai cibiyarta na cikin buhu na nawa?

Na jira Shafa'atu ta ce in rufe inji.
Ba ta ce ba. Ta ce: ba shi ruwa.
Ɗanjumma mai walda ya yanka durom,
ya ja tiyo, ya ɓata ƙarfe uku kafin na huɗu ya zauna.
Dutse ya shiga jiƙe, ya fito taɓo,
ƙura ta rasa fiffike.
Abin da ya rufe bakin masu gardama,
zinariyar da iska ke sacewa a da
yanzu a kwano take kwana.

Ta kwashi lambobinta cikin jakar goyo ta nufi Gusau,
ta dawo, ta koma, ta dawo.
Ban san abin da sunka ce mata ba.
Na dai san injina biyu yanzu:
na hatsi a gari, na dutse a daji,
rigar aiki tana kwana can rataye a ƙirya,
ina wanka kafin in yi sallama a gidana.

Ba kowa ba ne. Bawa har gobe busasshe yake niƙawa,
cikin dare ina jin kukan injinsa,
in juya, in kasa barci.

Hajaru ta fara rarrafe makon jiya.
Jiya ta damƙi jar ƙasa za ta kai baka.
Na'ura ta ce wannan ƙasa lafiya take,
na ji, na kuma yarda.
Hannuna ne bai ji ba,
ya riga ni kama nata.