Mazaunin Bakin Ƙofa

A Kafin Marke, gabas da Gwaram,
Inda burtali ya karya bayan kasuwa,
Nan maharba suka gina zaure.

Ba allo a ƙofa, ba shafen farar ƙasa.
Ƙahon gwanki ne a bisa azara,
Da kwarin da gara ta ci, a ɗaure.

Daren Alhamis kowa ya san buzunsa.
Sarkin Baka Jatau yana ƙurya,
Idonsa ɗaya, amma komai ya tsare.
Galadima Nomau a damansa,
Shi ne baki in Sarki ya yi shiru,
Shi ke yayyafa ruwa in zance ya ƙure.

Madaki ke gaba ranar shiga daji,
Sarkin Karnuka a baya da igiyoyi.
Ma'aji Cindo bai san biro ba,
Kuɗin kowa na ƙulle a tsumma, ƙulli-ƙulli,
Shekara talatin, ba kwabon da ya zurare.

Ni kuwa bakin ƙofa, wajen takalma.
Ubana ya yi Madaki shekara sha tara,
Na zaci buzunsa gadona ne.
Jatau ya ce, "Ɗan Barau, baka ake gado,
Mazauni sai wanda ya jure."

Ranar shiga na kai goro hamsin da jan zakara.
Aka ɗora hannuna a kan baka:
"Ba ka harbin mai ciki.
Ba ka harbin wadda ta sunkuya shan ruwa.
Tarkon wani haramun ne ko yunwa za ta kashe ka.
Abin da ka ji a nan, a nan zai kwana.
In ɗan'uwa ya yi kuwwa da tsakar dare,
Ko gaba kuke, tashi, ku dawo tare."

Nama ma da tsarinsa:
Cinya ta Sarki, ƙirji na mai harbin fari,
Hanta ta tsofaffin da haƙori ya gudu ya bari,
Amma kason matan da mazansu suka riga mu,
Kafin wuƙa ta taɓa na kowa ake ware.

Yau dajin ya koma gonakin riɗi.
Rabonmu da gada damina bakwai.
Mutum sha biyu, karnuka tara, zomo ɗaya!
Samari a kan babur suna shewa:
"Baba, gafiya za a kaso mana?"
Jatau bai tanka ba, goro ya ɓare.

Ni ma a zuci na fara tambaya.
Sai bana, ana tsakar maimai,
Kububuwa ta same ni a kunyar dawa.
Ban san na yi kuwwa ba, sai ganinsu na yi.
Sarkin Karnuka, da muka yi wata ba ma gaisawa,
Shi ya goya ni har bakin kwalta.
Cindo ya kwance tsumma a gaban likita,
Ƙulli bayan ƙulli, har na ƙarshe ya ƙare.
Da na dawo ina ɗingishi,
Fartanya sha ɗaya ta bi gonata,
Ko ƙeya ɗaya ta ciyawa ba a bari ba, an share.

Ban yi godiya ba. An hana.
Wai hannun dama ba ya gode wa hagu.

Makon jiya muka haƙa wa Nomau makwanci.
Da Alhamis ta zo, ba wanda ya ce uffan,
Kowa ya ɗaga buzunsa ya matsa taki ɗaya.
Matsawar da na shekara biyar ina kwaɗayi,
Ashe kuɗinta ke nan. Na kasa haɗiyar yawu.

Jikan Nomau na tsaye a waje da jan zakara,
Yana leƙen ƙurya, wajen buzun kakansa.
Na nuna masa gefen takalma.
Na ce, "Zauna nan, yaro, ka buɗe kunne.
Na bakin ƙofa ke fara jin kuwwa da dare."