Naɗi na Bakwai

Bayan la'asar a Kosti,
da zafi ya sassauta wa rufin kwano,
Kawu Babikir ya ce in yayyafa wa tsakar gida ruwa,
in kori kaji, in tura ƙyaure,
kada yara su shigo mana da ƙasa a ƙafa.

Sandar fatsa na kwance kan gwafa biyu.
Zobba bakwai, naɗi bakwai,
koren zare, an yi masa jan baki.
Kwana uku yana naɗi,
yana jera silin zaren da farce
tunda ido ya soma yi masa rowa.

"Gam ɗin nan ruwa biyu ne," in ji shi,
"ɗigo da ɗigo, kar ka fifita ɗaya.
In ka yi son kai, mako zai yi yana danƙo,
yana riƙe yatsan duk wanda ya taɓa shi."
Na dama a murfin gwangwanin madara,
a hankali, ba damun fura ba.
Kumfar da ta taso
na huce ta da numfashi ta cikin kara.

Buroshin nasa gashin wutsiyar akuya ne,
bai kai kaurin tsinken ashana uku ba.
"Tsai da hannunka wuri guda.
Sanda ce mai tafiya, kai bango ne."
Shi ke juyawa, ni ke shafawa.
Zaren ya sha, ya yi duhu,
kamar gaɓar Farin Nilu in ruwa ya lashe ta.
Na cika ramin da ke gindin zobe,
na wuce bakin zare da faɗin gashi ɗaya,
na ɗaga.
Layin ya haɗu da kansa, ba karkace.
Bai yaba ba. Ya ce, "Na gaba."

Injin juyinmu na tsohuwar fanka ne,
wuta kuwa ta tafi tun hantsi.
Sai hannu:
rubu'in juyi, a ƙirga sittin, rubu'in juyi,
don kada gam ya taru a ƙasa ya yi tumbi.
Aka kira magariba.
Ya yi salla ina juyi,
na yi salla yana juyi.
Gwaggo Sittana ta aiko da jabana mai citta,
muka sha da hannu ɗaya.

Da asuba ya bi sandar da babban yatsa,
daga tsini zuwa gindi, ido a rufe.
Ɗaya, biyu, har shida, sumul kamar ƙwai.
A na bakwai, na kusa da mariƙi, ya tsaya.
Na leƙa.
Wani ɗan ƙwaron kogi, bai kai ƙwayar riɗi ba,
ya biyo fitila cikin dare,
ya kwanta cikin gam da fukafukansa a buɗe.

Na ɗauko reza.
Ya ce, "Ajiye, Attayyib.
Ustaz Mahjub ya biya kuɗin sumul,
za mu naɗa masa wata.
Wannan ta riga ta zaɓi mai ita."
Ya miƙo min da hannu biyu,
ya juya yana neman takalminsa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Na ja karfasa da ita ba adadi,
giwan ruwa ɗaya ya so karya ta a ƙarƙashin gada.
Koren ya koɗe, jan yana nan.
Gwafan biyu suna ɗakina yanzu,
buroshin ya zube, na yanko wata wutsiyar.
Cikin kwalekwale, kafin gari ya waye,
yatsana kan haura mariƙi da kansa
ya nemo ɗan tudun nan,
ya zauna a kai
har wani abu ya ja daga ƙasa.