Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Ni na wanke mata kwalabe shekara goma sha tara
a ɗakin ƙasa na wani asibiti a Ulanbato,
inda firjin jini ke gurnani dare da rana,
sanyin waje kuwa ya fi na firjin cizo.

Dakta Tungalag. Gajeruwa ce,
tabaraunta ɗaure da zare a kunne ɗaya.
Yayarta ce ta haihu, jini ya ɓalle,
aka ƙara mata leda biyu, ta miƙe tana godiya.
Bayan shekaru ido ya koma ruwan ɗorawa,
ciki ya kumbura, hanta ta ajiye aiki.
Ledar da ta janyo ta daga bakin rami
ita ta mayar da ita, sannu, babu gaggawa.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji Dakta.

Sai ta sayi littafi mai baƙin bango.
Duk wanda aka ƙara wa jini ta ba shi lamba,
ta bi sawunsa kamar mai cigiyar raƙumi,
wata uku, wata shida, shekara.
Mun kwana a tantin makiyaya,
mun sha shayin madara mai gishiri har ya gundure ni,
motarmu ta kafe a ƙanƙara sau biyu,
ita tana rungume da akwatin samfuri a cinya
kamar jaririn da ba a yi wa suna ba.

Abin da ta gano ba shi da tsawo a faɗa:
ƙwayar cutar tana da makonnin ɓuya.
Ta shiga jiki, ta lafe, ta yi likimo,
gwaji ya duba ya ce ƙalau,
kura ta wuce shinge a fatar akuya.

Mujalla ta farko ta dawo da takardar.
Ta biyu ta ce mutanen sun yi kaɗan.
Dakta ba ta ce uffan ba,
ta feƙe fensir, muka koma daji.
A karo na uku aka buga, shafi bakwai,
sunana can ƙasa, cikin masu godiya,
an ma ɓata harafi ɗaya.

Yanzu ɗalibai na zuwa da waya a hannu:
an ambace ki sau dubu da ɗari biyu!
Wani a Lima ya ɗora gini kan harsashinki,
wata a Hanoi ta musa miki, ta dawo ta yarda.
An sauya gwajin a ɗakinmu na ƙasa,
ledar da ake shakka ba ta ƙara hawa bene.

Tana jinsu, hannunta na rawa kan kofi.
Ba ta taɓa tambayar ko nawa ne ba.

Wa zai ƙirga mata waɗanda ba su kwanta ba?
Ba su da lamba, ba su san sunanta ba.
Wani yana can yana tatsar goɗiya,
wata tana faɗa da ɗanta kan takalmi,
hantarsu na aiki shiru cikin duhu.

Jiya na kai mata nama da garin alkama.
Ta sa na sauko da littafin daga kan kabad,
ta lashi yatsa, ta buɗe inda takarda ta yi laushi.
Ɗari huɗu da sha bakwai: Sarangerel, shekara ashirin da biyu,
leda ɗaya, bayan haihuwa.
Mun je wurin, tanti ya tashi,
sai toka da zagayen da ya bari a ƙasa.
Gurbin sakamakonta har yau fari ne.

Ta dube ni ta saman tabarau:
Idan ƙanƙara ta narke, Dorjsuren,
motar nan taka tana tashi kuwa?