Wutsiya Bayan Ɗigo

Ni na wanke wa Nomau Arzika buroshi
shekara bakwai, da kananzir,
a bayan wata rumfa cikin kasuwar Katako.
In na yi maganarsa
tsagar hannuna ce shaida.

Daga Tawa ya sauko Yamai bisa buhunan albasa,
gwangwanin fenti uku ƙulle a tsumma:
ja, fari, da wani shuɗi da yake rowarsa.
Allonsa na farko na mai aski ne,
kai huɗu ya zana, kowanne na kallon gabas.
Aka biya shi jaka guda, da aski kyauta.

Daga nan bangon kanti, daga nan gefen motar haya,
daga nan muryarsa a rediyo tana tallar sabulu
har masu wanki a Gamkalle suka haddace.
Ya buɗe biro mai hawa biyu, ana hango gada ta taga.
Masu talla na birni suka ce, kai ne gabanmu.
Ya karɓa, da fenti a ƙarƙashin farce.

Abu ɗaya ya koya mini:
suna linzami ne.
Kada ka rubuta na mutum a karkace
ko da bashi ya kawo aikin.

Da yanar gizo ta zo bai juya mata baya ba.
Shi ya yankar wa Hajiya Tamadi mai kilishi shafinta:
sunanta, ɗigo, sai 'yar wutsiya mai harafi biyu.
Har daga Kwatano ake aiko mata kuɗi.

Sai labari ya iso daga ƙetare
wai za a buɗe wutsiyoyi ɗari bisa ɗari,
mai kuɗi ya zo ya yanki tasa.

A taron, fanka na juya zafi kawai,
ya cire tabarau ya ajiye kan takarda.
Ya ce, gida mai ƙofa ɗaya kwaɗo ɗaya ya ishe shi.
Ku huda masa ƙofa ɗari,
Hajiya ta sayi kwaɗo ɗari duk shekara,
in ta bar ɗaya a buɗe
wani ya zauna ciki da sunanta
yana sayar da fatar takalmi a ce kilishi.
Wa ya roƙi wannan?
Mai saye bai roƙa ba, mai sayarwa bai roƙa ba.
Ku nemi mai sayar da kwaɗo.

Wani yaro, Sha'aibu, ya ɗaga hannu daga baya:
Baba, mu fa da muka zo a makare
muka tarar an cinye sunayen?
Nomau ya dube shi ya daɗe.
Ya ce, tambayarka ta fi amsata.
Amma bai janye ba.

Wasiƙa tara na buga masa,
hannu arba'in da ɗaya a ƙasan ta ƙarshe,
har da dangwalen Hajiya.
Amsa ta zo bayan damina, layi biyu:
an gode, an ji.

Aka buɗe.

Yanzu ni ke zaune kujerarsa.
Duk watan Janairu nakan biya wa mutane kuɗin sunansu
sau biyar, sau bakwai,
kamar mai fansar akuyarsa daga hannun ɓarawo.
Sha'aibu kuwa ya samu tasa wutsiyar, yana cin abinci.
Ban san wa zan ba gaskiya duka ba.

Ran Juma'a na je Yantala gaishe shi.
Yana tsugune, yana sabunta lambar gidan maƙwabci
da shuɗin nan.
Na ce, Baba, wani ya sayi sunanka,
yana tallar maganin sanƙo da shi.

Bai ɗago ba sai da ya rufe cikin takwas.
Ya goge buroshi a gefen gwangwani.
Ya ce, nuna mini.
Ko ya rubuta shi a miƙe?