Hannun Mai Faci

Shekara goma sha tara ina faci a Tashar Dukku,
babu tayar da ta gagare ni.
Sai ga Muhibba ta zo da tsaga a ganɗa,
haɓarta ta ja baya kamar mai jin kunya.
Nonon da ta tsotsa, ta hanci yake dawowa.

Ran Talata, a sashen gashi,
Sista Rifkatu 'yar Kaltungo ta dubi hannuna,
ta ce a yanke farce, a kankare baƙin mai.
"Yatsa ɗaya, Malam Jalo.
Daga gindin kunne ka gangaro haɓa,
kamar mai shafa ƙwai."

Ni da na saba da guduma!

Bayan Asuba uwarta na tatsa a kofi,
ni ina tausa, ina ƙirge.

Jiya ta shanye cokali tara ba ta ƙware ba.
Tiyata, in ji likita, sai ta yi ƙwari.
Wancan facin ba nawa ba ne.
Amma da yamma ta damƙi yatsana da dasashi,
ta cije, har na ji zafi.
Ko takalmi ban sa ba,
na fita na faɗa wa mai shayi.